Amurka Bayan Yaƙin Duniya na Biyu: Wa Ya Sha Romo, Wa Aka Bari da Ƙashi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina yawan jin ana yabon shekarun da suka biyo bayan Yaƙin Duniya na Biyu a Amurka, wai ba a taɓa jin daɗi a ƙasar kamar lokacin ba. Da gaske ne lebura ɗaya yana iya riƙe gida da mota da iyali da albashinsa kaɗai, ko daɗin baki ne? Kuma yaya zaman jama'a yake a lokacin?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ba daɗin baki ba ne. Daga 1945 zuwa farkon shekarun 1970, miliyoyin Amurkawa waɗanda karatunsu bai wuce sakandare ba sun mallaki gida da mota, sun sa 'ya'ya a makaranta, sun yi ritaya da fansho, duk da albashin mutum ɗaya. Sai dai akwai abu biyu da masu kewar zamanin ba su cika faɗa ba. Hannun gwamnati na nan dumu-dumu a cikin wannan wadata, kuma da ta tashi rabo sai da ta duba launin fata. In kana son ka gane zamanin, bi labarin gida: wa ya samu, a wace unguwa, da lamunin wa. Mota da talabijin da yawan haihuwa, har da tsoron kwaminisanci, duk a cikin gidan nan za ka iske su.

A 1945 Jamus da Japan sun zama kufai, Ingila ta ci yaƙi amma bashi ya yi mata katutu, Tarayyar Sobiyat ta binne mutane fiye da miliyan 20. Amurka ta rasa sojoji sama da 400,000, rashin ba ƙarami ba ne, amma masana'antunta na nan tsaye, yaƙin ma ƙara musu girma ya yi. Kusan rabin kayan da masana'antun duniya ke ƙerawa a lokacin daga Amurka suke fitowa. Ga shi kuma tun farkon 1942 aka daina ƙera wa farar hula motoci, sukari da nama da man fetur sai da kati. Mutane na aiki dare da rana suna karɓar albashi, babu abin saya, sai ajiya. Yaƙi na ƙarewa kowa ya fito kasuwa da kuɗi a hannu.

Duk da haka ba murna ce ta cika zukatan shugabanni ba, fargaba ce. Ba su manta da 1933 ba, lokacin da mutum ɗaya cikin huɗu na ma'aikata ba shi da aikin yi. Ba su manta da 1932 ba, lokacin da 'yan mazan jiya na Yaƙin Duniya na Ɗaya suka yi sansani a Washington suna neman haƙƙinsu, aka sa sojoji suka tarwatsa su. To yanzu Amurkawa miliyan 16 ne suka sa kaki. In suka dawo babu aiki, babu wurin kwana fa? Wannan tsoro ne ya haifi dokar da ake kira GI Bill, wadda Shugaba Franklin Roosevelt ya sa wa hannu a watan Yunin 1944, yaƙi bai ma ƙare ba. Dokar ta ce gwamnati za ta biya wa tsohon soja kuɗin makaranta ta ba shi na abinci, za ta ba shi dala 20 duk mako har tsawon shekara in bai sami aiki ba, kuma za ta tsaya masa a banki in zai sayi gida ko gona ko ya kafa sana'a. Kimanin mutum miliyan 7.8 suka yi karatu ko koyon sana'a da ita, sama da miliyan 2 daga ciki a manyan makarantu. A 1947 kusan rabin ɗaliban jami'o'in ƙasar tsoffin sojoji ne. Ɗan maƙeri ya zama injiniya, ɗan manomi ya zama lauya. Kakanninmu da suka yi wannan yaƙin a dazukan Bama ba su dawo sun iske ko kwatankwacin haka ba, amma wannan wani zancen ne.

Batun gida ya fi tsanani. Shekara goma sha biyar ba a yi gini na kirki ba, saboda karyewar tattalin arziki sannan yaƙi. Sababbin ma'aurata na raɓe a gidan surukai, a Chicago har tsofaffin taragun jirgin cikin gari aka sayar wa mutane su mayar ɗaki. Kafin shekarun 1930, mai son bashin gida sai ya ajiye wajen rabin kuɗin, ya biya sauran cikin 'yan shekaru. Hukumar Gidaje ta Tarayya, wadda aka kafa a 1934, ita ta sauya wannan: ta ce wa bankuna su ba da bashin da za a biya cikin shekara 25 zuwa 30 da ɗan kafin alƙalami kaɗan, in mai bashi ya gaza ita za ta biya. Banki kuwa me zai hana shi, riba tasa, asara ta gwamnati.

Wanda ya fi kowa gane wannan dama shi ne William Levitt. Shi da mahaifinsa da ɗan'uwansa suka sayi gonakin dankalin Turawa a Long Island, gabas da birnin New York, suka gina gidaje 17,447 tsakanin 1947 da 1951. Dabararsa ita ce ya kasa ginin gida zuwa mataki 27, kowane mataki da ayarinsa. Mota za ta bi layi tana sauke katako da ƙusa da bututu a kowane fili. Masu zuba kankare su zuba daɓe su wuce gaba, kafintoci su zo su ta da bango, masu rufi su biyo, akwai mutumin da ba shi da aiki sai shafa farin fenti, wani kuma ɗaura injin wanki kawai yake yi daga safe har yamma. A masana'antar mota kaya ne ke tafiya ma'aikaci na tsaye. A nan gida ne ke tsaye ma'aikata na tafiya. Da aiki ya kankama, gida 30 suke gamawa a rana.

Kada ka ɗauka wani katafaren gida ne. Ɗakin kwana biyu, falo, kicin, banɗaki ɗaya, faɗinsa duka wajen murabba'in mita 70. Amma da firji da murhun lantarki da injin wanki a ciki, na 1950 har da talabijin a jikin bango. Kuɗinsa dala 7,990 a 1949, ana biyan ƙasa da dala 60 a wata, a lokacin da iyali matsakaici ke samun kimanin dala 3,100 a shekara. Wato ga mutane da yawa sayen gida ya fi hayar ɗaki a cikin birni sauƙi. Akwai dokoki: ka yanke ciyawar ƙofar gidanka duk mako, ba a katange gida, ba a shanya a waje ranar hutu. Aka yi ta kwaikwayon wannan tsari a bayan kowane babban gari. A 1940 kashi 44 cikin 100 na iyalai ke zaune a gidan kansu, zuwa 1960 sun kai kashi 62.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. A cikin takardar yarjejeniyar gidajen Levitt akwai sharaɗin cewa ba wanda zai zauna a gidan sai farar fata, in ban da 'yan aiki. Kuma ba son zuciyar Levitt kaɗai ba ne. Tun shekarun 1930 wata hukumar gwamnati ta zana taswirar birane ta shafa wa unguwanni launi gwargwadon haɗarin ba da bashi a cikinsu, unguwannin baƙaƙen fata kuwa ja ake shafa musu. Ita kanta Hukumar Gidaje ta rubuta a littafin aikinta cewa cakuɗa jinsi na rage darajar unguwa, ta kuma ƙarfafa irin wancan sharaɗi. Sakamakon haka baƙar fata ba ya samun bashi a unguwarsu saboda ja ce, ba ya samu a sabuwar unguwa saboda ba a sayar masa. Kotun Ƙoli ta yanke a 1948 cewa kotuna ba za su ƙara tilasta irin wannan sharaɗi ba. Aka goge shi daga takarda, aka ci gaba da aiki da shi a baki.

Ita ma GI Bill ba ta ambaci launin fata ba ko sau ɗaya, amma 'yan majalisar Kudu, musamman John Rankin na Mississippi, sun tabbatar an bar aiwatar da ita a hannun jami'ai da bankunan kowane yanki. Baƙaƙen fata sama da miliyan ɗaya sun yi aikin soja a yaƙin. Wani bincike na 1947 ya gano cewa cikin basussuka 3,229 da gwamnati ta tsaya wa tsoffin sojoji a Mississippi, biyu kacal suka je hannun baƙar fata. A Arewa ma ba ta sauya zane ba sosai. A Chicago, wanda banki ya ƙi sai ya faɗa hannun dillalai masu sayar da gida a kan wata irin yarjejeniya: za ka yi ta biya duk wata, gyara a wuyanka, amma takardar gida na hannun dillali har sai ka biya kuɗin ƙarshe. Ka makara wata ɗaya, a fitar da kai, duk abin da ka zuba ya bi ruwa, a sayar wa wani.

Wanda ya yi ƙarfin hali ya tsallaka kuwa ya ga tasku. A watan Agustan 1957 William Myers, tsohon soja, da matarsa Daisy suka sayi gida a Levittown, unguwa ta biyu da Levitt ya gina, da ke jihar Pennsylvania. Daruruwan maƙwabta suka yi ta taruwa a ƙofar gidan da dare, ana jifa, ana zagi, har sai da 'yan sandan jiha suka shigo. Kuma Pennsylvania ba Kudu ba ce.

Na daɗe a kan wannan ne don a ganina shi ne gadon zamanin da ya fi kowane daɗewa. Ga talakan Amurka gida shi ne dukiya. Da shi ake cin bashin kai yaro jami'a, shi ake bar wa magada. Gidan dala dubu takwas na Long Island yau ɗaruruwan dubban daloli ne. Ba a haramta wariya a cinikin gidaje ba sai 1968, lokacin an riga an gama rabon arha. Binciken babban bankin Amurka na 2022 ya nuna dukiyar matsakaicin iyalin farar fata ta kai kimanin dala 285,000, ta baƙar fata kuwa kimanin 45,000. Akwai dalilai da yawa, amma wanda ya cire gida daga lissafin bai fara ba.

Sabuwar unguwa ba ta yiwuwa sai da mota, don babu kasuwa ko wurin aiki da za a taka da ƙafa. A 1956 Shugaba Dwight Eisenhower ya sa hannu a dokar gina manyan hanyoyi masu tsawon mil 41,000, gwamnatin tarayya ta ɗauki kashi 90 na kuɗin. Shi kansa yana matashin hafsa a 1919 ya bi ayarin motocin soja da suka kwashe wata biyu kafin su ratsa ƙasar, daga baya ya ga hanyoyin Jamus. A bakin hanyoyin nan aka sami sabuwar rayuwa: masaukin matafiya, sinimar da ake kallo daga cikin mota, rukunin kantuna a ƙarƙashin rufi ɗaya, da McDonald's da Ray Kroc ya fara yaɗawa a 1955. Da hanyoyin suka zo ratsa birane, sau da yawa ta kan unguwannin baƙaƙen fata aka bi da su, irin Overtown a Miami da Rondo a St. Paul.

Batun lebura da ka tambaya, amsarsa na wurin ƙungiyoyin ƙwadago. A tsakiyar shekarun 1950 kusan ma'aikaci ɗaya cikin uku ɗan ƙungiya ne, kuma ba a kwance suka samu ba. Daga ƙarshen 1945 zuwa 1946 ma'aikata wajen miliyan 5 suka shiga yajin aiki. A 1950 Walter Reuther, shugaban ƙungiyar masu ƙera motoci, ya ƙulla yarjejeniyar shekara biyar da kamfanin General Motors: ma'aikata ba za su yi yaji ba, kamfani kuma zai ba da fansho, ya taimaka da inshorar lafiya, ya riƙa ƙara albashi in kaya sun yi tsada. Sauran manyan masana'antu suka bi sahu. Shugaba Harry Truman ya so a yi inshorar lafiya ta ƙasa baki ɗaya, ƙungiyar likitoci ta yaƙe shi ta ce gurguzu ne, shi ya sa har yau lafiyar Ba'amurke take rataye a wuyan wurin aikinsa. Ka ƙara da cewa harajin da ke kan ƙololuwar kuɗin shigar manyan attajirai ya kai kashi 91 a yawancin shekarun 1950, a ƙarƙashin shugaba ɗan jam'iyyar Republican. Kaɗan ne suka biya hakan a zahiri, don ƙofofin zillewa na da yawa, amma tazarar mai kuɗi da ma'aikaci ba ta kai ta yau ba ko kusa.

Kuma ko a lokacin ba kowane lebura ba ne. A 1959 kashi 22 cikin 100 na Amurkawa, kusan mutum miliyan 40, suna cikin talauci a ma'aunin gwamnati. A cikin baƙaƙen fata fiye da rabi ne. Ma'aikatan gona, 'yan aikin gida, masu haƙar kwal a tsaunukan Appalachia, 'yan asalin ƙasar da ke keɓaɓɓun yankuna, 'yan Meziko da ake kawowa girbi, duk romon bai kai gare su ba. Talabijin dai ba ta nuna su.

Ita talabijin ɗin, a 1950 gida 9 cikin 100 ke da ita, a 1960 gida 87. Tashoshi uku ne manya, saboda haka ƙasa guda na kallon abu guda a lokaci guda, kuma masu talla ne ke biya. Abin da ake nunawa shi ne iyali farar fata a gida mai tsabta, uba ya dawo daga ofis da kwat, uwa na kicin da kwalliyarta. Yawancin hoton da duniya ke da shi na wannan zamani daga nan ya fito, wato talla ce ta zama tarihi. Mawaƙi Nat King Cole ya sami shirinsa a 1956, amma bai wuce shekara guda da 'yan kai ba ya tsaya, saboda manyan kamfanoni sun ƙi ɗaukar nauyin shirin baƙar fata don gudun ɓacin ran masu saye a Kudu.

Matar da ke kicin ɗin nan fa? Lokacin yaƙi mata miliyoyi sun shiga masana'antu suna ƙera jirage, sojoji na dawowa aka sallami da yawansu. Aure ya yi wuri, rabin 'yan mata sun yi auren fari kafin su wuce shekara 20 da 'yan watanni. Haihuwa ta yi yawa: jarirai miliyan 4.3 a 1957 kaɗai, kimanin miliyan 76 daga 1946 zuwa 1964. Amma ka lura da irin zaman. A gidan Bahaushe mai jego na da uwa da gwaggo da ƙanne da matan gida masu karɓar mata yaro. Wannan kuwa an ɗauke ta daga unguwar iyayenta an kai ta bayan gari, miji ya tafi da mota tun safe, ita da yara uku da injin wanki har dare. Da Betty Friedan ta fitar da littafinta a 1963 a kan ƙuncin da irin waɗannan mata ke ji ba su san sunansa ba, sai ya yi kasuwa kamar me, don ta taɓo inda ke ƙaiƙayi. Kuma ko a lokacin hoton bai cika gaskiya ba, zuwa 1960 kusan matar aure ɗaya cikin uku tana aikin albashi, galibi akawu ko malama ko mai jiran kanti, a kan kuɗin da bai kai na namiji ba. Jaridu na raba tallar aiki gida biyu, na maza daban na mata daban. Banki na iya hana matar aure bashi sai da sa hannun miji, ba a hana wannan ba sai 1974.

A saman duk wannan akwai tsoro. Sobiyat ta gwada nata makamin ƙare dangi a 1949, a shekarar kuma 'yan kwaminis suka karɓi mulkin Sin, a 1950 aka shiga yaƙin Koriya. Ana koya wa 'yan firamare su shige ƙarƙashin tebur su rufe kai in sun ga walƙiyar bam. A watan Fabrairun 1950 Sanata Joseph McCarthy ya ɗaga wata takarda a garin Wheeling ya ce sunayen 'yan kwaminis 205 ne da ke aiki a ma'aikatar harkokin waje. Bai taɓa tabbatar da zargin ba, amma shekara huɗu ana rawar jiki in an ji sunansa. Gaskiya ne Sobiyat na da 'yan leƙen asiri a Amurka, har a aikin bam ɗin nukiliya, amma waɗanda guguwar ta kwashe yawancinsu malaman makaranta ne da ma'aikatan gwamnati da marubutan fim waɗanda laifinsu bai wuce halartar wani taro shekaru da suka wuce ba. An karɓe fasfon mawaƙi Paul Robeson a 1950. Shehin malami W.E.B. Du Bois ma an hana shi nasa, daga baya ya koma Ghana ya rasu a Accra a 1963. Talabijin ɗin da ta taimaka wa McCarthy ita ta kayar da shi: a 1954 jama'a suka kalle shi makonni yana cin zarafin mutane kai tsaye, kafin shekara ta fita Majalisar Dattawa ta tsawata masa.

Har addini ya shiga sahun yaƙin cacar baka. Tunda abokan gaba ba su yarda da Allah ba, zuwa coci ya zama alamar kishin ƙasa. A 1954 aka saka sunan Allah a cikin rantsuwar mubaya'a ga tuta, a 1956 aka mayar da kalmar dogaro ga Allah taken ƙasa. Eisenhower da kansa ya halarci buɗe babban masallacin Washington a 1957. Shi ma gida makami ne. An ruwaito Levitt yana cewa mai gida da fili ba zai zama ɗan kwaminis ba, don aiki ya yi masa yawa. A watan Yulin 1959, a wani baje koli a Masko, mataimakin shugaban ƙasa Richard Nixon ya tsaya da shugaban Tarayyar Sobiyat Nikita Khrushchev a cikin kicin ɗin wani gidan gwaji, yana nuna masa injin wanke kwanuka yana cewa gidan dala 14,000 ne, ma'aikacin ƙarfe ma zai iya saya. Khrushchev ya ce gidajen Amurka shekara ashirin suke yi, su kuwa don 'ya'ya da jikoki suke gini. Manyan ƙasashe biyu masu makaman da za su iya tashin duniya, ga shugabanninsu na musu a kan kayan kicin, kuma a daidai lokacin ma'aikatan ƙarfen Amurka rabin miliyan na yajin aiki.

Yaran da aka haifa a waɗannan gidaje su suka fara tsaga bangon. Suna da kuɗin kashewa, da ƙaramar rediyo mai batir, da faifan garmaho mai arha. Kiɗan da suka so kuwa na baƙaƙen fata ne, na su Chuck Berry da Little Richard, wanda Elvis Presley ya shigar da shi falon farar fata a 1956. Iyaye suka ce lalacewa ce, har akwai lokacin da aka nuna Elvis a talabijin daga ƙugu zuwa sama kawai. Doka ta raba makarantu da unguwanni, amma ba ta da yadda za ta raba tashar rediyo.

Su kuwa baƙaƙen fata ba su zauna jiran tsammani ba. Injin tsinke auduga ya kore su daga gonakin Kudu, miliyoyi suka yi ƙaura zuwa Chicago da Detroit da Los Angeles, inda suke da ƙuri'a. Waɗanda suka yaƙi Hitler sun dawo da wata irin zuciya. A watan Fabrairun 1946, sa'o'i kaɗan bayan sallamarsa daga soja, Saje Isaac Woodard na sanye da kakinsa 'yan sanda suka sauke shi daga bas a South Carolina suka doke shi har ya makance, masu taya alƙali hukunci, dukkansu farar fata, suka wanke wanda ya yi. Labarin ya girgiza Truman, kuma a 1948 ya ba da umarnin kawo ƙarshen wariya a rundunar soja. A 1954 Kotun Ƙoli ta haramta raba makarantun gwamnati. A 1955 aka kashe yaro ɗan shekara 14, Emmett Till, a Mississippi, mahaifiyarsa ta ce a bar akwatin gawar a buɗe duniya ta gani. A watan Disambar shekarar Rosa Parks ta ƙi tashi daga kujerarta a bas a Montgomery, baƙaƙen fatan garin suka ƙaurace wa bas kwana 381, 'yan aikin gida na taka mil da yawa da ƙafa zuwa aiki, a nan aka fara jin sunan wani matashin fasto, Martin Luther King. A 1957 sai da Eisenhower ya tura sojojin tarayya suka raka ɗalibai tara zuwa makarantar sakandare a Little Rock.

A nan Afirka ta shigo labarin da gaske. Ghana ta sami 'yanci a watan Maris na 1957, King na cikin baƙin da suka je Accra. A watan Oktoban shekarar, ministan kuɗin Ghana Komla Gbedemah ya tsaya a wani gidan abinci a Dover, jihar Delaware, aka ce ba a zaunar da baƙar fata. Abin ya zama abin kunya a jaridun duniya, sai da Eisenhower ya gayyace shi karin kumallo a fadar White House. A 1961 aka yi wa jakadan Chadi irin haka a jihar Maryland, a hanyarsa ta zuwa Washington. Rediyon Masko ba ya barin irin wannan labari ya wuce. Amurka na neman sababbin ƙasashen Afirka da Asiya su bi bayanta, ga kuma yadda take yi wa jakadunsu. Ban ce wannan ne ya kawo dokar 'yancin jama'a ta 1964 da ta zaɓe ta 1965 ba, jinin mutane da ƙafafunsu ne suka kawo su, amma ya sa Washington ta kasa ci gaba da kawar da kai.

Wadatar kanta ta dogara ne a kan yanayin da ba zai dawwama ba. Jamus da Japan sun farfaɗo, da taimakon Amurkar ma, suka fara sayar da mota da ƙarfe da rediyo masu arha da inganci. Kamfanoni suka riƙa kwashe masana'antu zuwa jihohin Kudu inda ƙungiyoyin ƙwadago ba su da ƙarfi, abin da dokar Taft-Hartley ta 1947, wadda ta rage wa ƙungiyoyin ƙarfi, ta share wa hanya, daga baya kuma zuwa ƙetare. Injuna suka rage hannun da ake buƙata. Yaƙin Vietnam ya ci kuɗi, sannan takunkumin man fetur na ƙasashen Larabawa a 1973 ya ninka farashin mai kusan sau huɗu. Daga nan albashin lebura ya daina tafiya kafaɗa da kafaɗa da abin da yake samarwa. A Detroit, inda Reuther ya ƙulla waccan yarjejeniya, ayyukan masana'anta sun fara zurarewa tun cikin shekarun 1950, a daidai lokacin da baƙaƙen fata daga Kudu ke ta sauka a tashar jirgin ƙasa suna neman su, farar fata kuma na bin sababbin hanyoyi zuwa bayan gari da harajinsu. Birnin na da mutum kusan miliyan 1.85 a ƙidayar 1950. A ta 2020 bai kai 640,000 ba.